An ce ƙwaƙwalwar iyalina ta sauko ƙasa sai an yi aiki a ƙeya, babu wata hanya?

"Salam Likita, daga Jega nike rubutu. Iyalina ce shekarunta 27, haihuwarta uku, kusan shekara biyu tana ciwon kai ta ƙeya, in ta yi tari ko atishawa ko dariya sai ta riƙe kai kamar zai tsage. Yanzu hannunta na dama ya fara mutuwa har ta ƙone wajen girki bata ji ba sai da ta ga bororo. Mun je Sakkwato anka yi MRI, takardar ta ce Chiari type 1, wai ya sauko da 11mm kuma akwai syrinx. Likita ya ce sai aiki. Iyayenta sun ce ba a taɓa ƙwaƙwalwa, a ci gaba da rubutu da ruƙiyya. Don Allah akwai maganin sha? In kuma aikin ne dole wane iri ne, kuma za ta koma daidai?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah shi ba ta lafiya, kai kuma Allah shi saka maka da ɗawainiya. Tambayarka kashi uku ce in na fahimta, ko magani na iya maye gurbin aiki, wane aiki ake yi a wanga wuri, da kuma me za ku sa rai bayan an yi. Ni dai ban ga hoton ba kuma ban duba ta da hannuna ba, likitan da ya gan ta shi ke da maganar ƙarshe, amma na shiga irin wanga aiki kuma na bi marasa lafiyan a kilinik bayan an sallame su, don haka bari in gaya maka yadda muke tunani in irin wagga takarda ta zo gabanmu.

Me ya sauko, kuma ina ya sauko

Ka sa hannu a ƙeyarka daidai inda kai ya haɗu da wuya. Can ciki akwai wata ƙofa a gindin ƙoƙon kai, ta nan laka ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ta gangara cikin ƙashin baya. Saman ƙofar akwai wani ɗan ɗaki inda ƙaramar ƙwaƙwalwa ke zaune, ita ke kula da daidaiton tafiya da motsin hannu. A wasu mutane wanga ɗaki ya zo a matse tun halitta, ƙashin ƙeya bai yi faɗin da ya kamata ba, sai gindin ƙaramar ƙwaƙwalwar ya rasa wuri ya zuro cikin ƙofar kamar yadda ake cusa tsumma a bakin tulu. Wani likita ɗan Ostiriya mai suna Hans Kiyari ya bayyana shi a 1891, shi ya sa sunan, a takarda dai za ka ga an rubuta Chiari. Ba ƙari ba ne, ba kansa ba ce, ba ya yaɗuwa, kuma ba wani abu da ita ta yi ko ta ci ya jawo shi. Wannan ka fara gaya ma surukanka don na lura kalmar "abu a ƙwaƙwalwa" ita ke fara tsorata mutane.

To me ya sa yake ciwo. Akwai ruwa fari tas da ke kewaya ƙwaƙwalwa da laka, jiki na yin kusan rabin lita kullum, kuma duk bugun zuciya sai wanga ruwa ya ɗan sauka ta ƙofar nan ya sake hawa. In mutum ya yi tari ko yunƙuri matsi na tashi lokaci guda, mai lafiya ruwan sai ya wuce abinshi ba ka ma sani ba, ita kuwa an toshe hanyar, shi ya sa take riƙe kai. Ciwon kan Kiyari na gaskiya haka yake, a ƙeya, yana zuwa da tari ko atishawa ko nishi a bayi ko ɗaga abu mai nauyi, ya yi daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna ya lafa. Yadda ka siffanta nata ya yi daidai da shi ƙwarai.

Lambar nan 11mm kar ta ɗauke maka hankali. A ƙa'ida in ya sauko da milimita 5 ko fiye masu karanta hoto suna rubuta Kiyari, amma mu ba lamba muke yi ma aiki ba. Akwai mai 12 yana yawo kasuwa lafiya lau bai san yana da shi ba sai da ya yi hatsarin mashin anka ɗauki hoto, akwai mai 6 da ke wahala. Wanda anka gano nashi haka kawai ba alama ba komai, ba mu taɓa shi, sai dai a riƙa dubawa. Na taɓa ganin wani matashi da ya fita waje anka yi mishi aikin saboda hoto ya nuna 6, alhali ciwon kan shi na ɓari guda ne mai zuwa da amai da ƙin haske, ya kashe kuɗi ya dawo da tabo a ƙeya da ciwon kan shi yadda yake. Don haka ni ba mai gaggawar cewa a yanka ba ne.

Abin da ya sa na iyalinka ya bambanta shi ne kalma ta biyu a takardar, syrinx, wato sirinkis. Saboda ruwan bai samun wucewa yadda ya kamata, sai ya fara taruwa a tsakiyar lakar kanta ya yi aljihu dogo, yana matse jijiyoyi daga ciki. Jijiyoyin da ke ɗauke da jin zafi da sanyi da ciwo su ke ƙetarawa ta tsakiyar laka, shi ya sa su ke fara lalacewa, mutum zai ji in ka taɓa shi amma ba zai ji wuta ba. Ƙunar da ta yi wajen girki ke nan, ba sakaci ba ne ba kuma iska ba ce. In an bar shi abin kan ci gaba, naman tafin hannu ya fara ramewa, riƙe cokali ko ɗaura zani ya yi wuya, daga baya ƙafafu su yi tauri. Wani yakan tsaya shekaru bai motsa ba, wani cikin watanni, amma nata ya riga ya nuna yana tafiya. Kuma abin da ya mutu a laka ba ya dawowa yadda yake, wanga shi ne dalilin da ya sa jira ke da tsada a wajenta.

Maganin sha

Babu ƙwaya ko allura da ke faɗaɗa ƙashi ko ta mayar da ƙwaƙwalwa sama. Farasitamol na rage ciwon kai, in akwai raɗaɗi kamar barkono a kafaɗa ko hannu muna ba da irin su amitiriftilin ko gabafentin, amma duk rage wahala ne, aljihun ruwan na nan. Don Allah kar a shiga tiramol daga kemis. Addu'a da ruƙiyya kuwa ba wanda zai ce ku bari, mu ma da bismilla muke ɗaukar wuƙa, a haɗa su da asibiti. Abin da zan hana da babbar murya shi ne mai ɗori ko mai tausa ya murɗa mata wuya, da kaho ko tsaga a ƙeya, da ɗaukar jarka ko itace a ka, da daka. Sannan duk asibitin da kunka je da zazzaɓi ko ciwon kai anka ce za a ɗebi ruwan baya don gwajin sanƙarau, ka nuna musu takardar MRI tukuna, don zuƙe ruwa daga ƙasa na iya ƙara jawo ƙwaƙwalwar cikin ƙofar, kuma wannan hatsari ne babba.

Tambayoyi biyu kafin a zaɓi aiki

Kafin in zo kan aikin da anka fi yi, akwai abu biyu da dole likita ya tabbatar babu su, kuma kana da haƙƙin ka tambaye shi ko ya duba.

Na farko, shin wani abu ne daga sama ke turo ƙwaƙwalwar ƙasa? In ruwa ya taru a cikin kai, ko akwai ƙari, ko matsin cikin kai ya hau, to buɗe ƙeya ba shi ne farko ba, har ma yana iya ɓata lamari. In ruwa ne ana fara magance shi, ko dai a sa siririyar roba da muke kira shant daga kai ta bi ƙarƙashin fata zuwa ciki, ko a shiga da kyamara a huda wata 'yar ƙofa a cikin ƙwaƙwalwa ruwan ya samu sabuwar hanya, wanda ake kira ETV. Sau da yawa in an yi haka abin da ya sauko sai ya koma da kanshi. Haka kuma akwai masu yoyon ruwa ta baya, ƙwaƙwalwarsu ta zauna ƙasa saboda ruwan ya ragu, hotonsu sai ya yi kama da Kiyari alhali ba shi ba ne, su ciwon kansu in sun miƙe tsaye yake tashi in sun kwanta ya lafa, su toshe yoyon ake yi.

Na biyu, shin mahaɗar kai da wuya na da ƙarfi? Ƙashin wuya na biyu yana da wani tsini kamar turke wanda na farko ke juyawa a kanshi. A wasu wanga turke ya shige sama cikin ƙofar ko ya karkata baya yana danna tushen ƙwaƙwalwa ta gaba, ko kuma mahaɗar na da sako-sako. Irinsu za ka gan su da gajeren wuya, gashin ƙeya ya sauko ƙasa sosai, wani lokaci kai a karkace. MRI kaɗai bai isa ba a nan, ana buƙatar hoton CT na ƙashin da hoton wuya a sunkuye da kuma a ɗage. In haka ne ka je ka cire ƙashi ta baya kawai, ka ƙara raunana ginin da dama yana rawa, mutum sai ya fito ya fi da muni. Su ana ɗaure su ne da sukurori da sandunan ƙarfe, ko dai ƙashi na ɗaya da na biyu, hanyar da wani likitan Indiya Atul Goel na Mumbai ya shahara da ita, ko a haɗa har da ƙashin ƙeya. In turken ya ƙi komawa ana cire shi ta gaba, ta cikin baki ko da kyamara ta hanci, aiki ne babba kuma ba kowace cibiya ke yin shi ba. Wanda anka ɗaure ma wuya juya kai zai ragu har abada, waiwaye sai da kafaɗa, gara mutum ya san haka tun kafin ya sa hannu a takarda.

Aikin buɗe ƙeya

In an tabbatar babu waɗancan biyun, kuma galibi babu su, aikin da ya rage shi ne samar da fili. Ana sa ta barci gaba ɗaya, a kwantar da ita ruf da ciki a riƙe kai da ƙarfe, a aske gashin ƙeya kaɗan ba duka kai ba, a tsaga ta tsakiya daga ƙeya zuwa saman wuya. Sai a cire ɗan ƙashi daga bakin ƙofar ta baya kamar santimita 3 a tsaye 3 a kwance, a cire bayan zoben ƙashin wuya na farko. Ka ga har nan ba a taɓa ƙwaƙwalwa ba, bango anka matsar. Wanga bayani ya sha sauya ra'ayin iyaye a gabana, don su a tunaninsu za a fasa kai ne a yanki ƙwaƙwalwa a ɗinke.

Daga nan ne likitoci sunka kasu. Ƙarƙashin ƙashin akwai tantani mai kauri da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa kamar jaka. Wasu su tsaya a ƙashi kawai, su yanke wani zare mai tauri da ke shaƙe jakar, ko su ɓare rabin kaurinta, ba su buɗe ta ba. Amfanin haka aikin ya fi sauri, ciwo kaɗan, kwanan asibiti kaɗan, kuma tunda ba a buɗe ruwa ba da wuya a samu yoyo ko sanƙarau. Illar shi wani lokaci filin bai isa ba sai an sake komawa. Ga yara da waɗanda ciwon kai ne kawai ba sirinkis, hanya ce mai kyau.

Wasu kuma su tsaga tantanin su ɗinka mishi faci don jakar ta yi faɗi, kamar tela ya ƙara ƙyalle a rigar da ta matse. Facin ana iya ɗebo shi daga jikin mutum, tantanin da ke kan ƙoƙon kai ko na gefen cinya, ko a yi amfani da na kamfani. In an buɗe ana duba ko akwai wata yana da ta toshe mafitar ruwa a warware ta, wani lokaci a ɗan ƙona gefen abin da ya zuro da lantarki ya takure ya koma sama, wanga yanki cire shi ko rage shi bai barin nakasa da ake gani. Hanyar nan ta fi tabbas wajen sa aljihun ruwa ya sace, amma ita ke da yawan matsalar bayan aiki. Ra'ayina, babba mai sirinkis da hannu ya fara mutuwa kamar iyalinka, na fi karkata ga a buɗe a sa faci, kuma na fi son facin jikinta, ba ya kuɗi kuma jiki bai faɗa da nashi. Wani abokin aiki zai iya saɓa mini kuma yana da hujja, abin da ke da muhimmanci likitan ya gaya maka wacce zai yi da dalilinshi.

Wani abu da mutane ba su sani ba, cire ƙashi da yawa ba gwaninta ba ce. In ramin ya yi girma ƙaramar ƙwaƙwalwar sai ta zame ta zauna cikin shi, ciwo ya dawo, gyaran kuma ya fi na farko wuya. Shi kuma aljihun ruwan ba mu huda shi a karon farko, in hanya ta buɗe a sama da kanshi yake raguwa cikin watanni. Sa roba a cikin laka don zuƙe shi sai in an yi komai ya ƙi, don robar na toshewa kuma sa ta kanta na iya raunata laka. Za ka kuma gani a intanet ana tallar wani ɗan ƙaramin aiki a gindin baya wai a yanke zaren ƙarshen laka Kiyari ya warke, wannan ga wanda hoto ya nuna lakarshi a ɗaure take ƙasa ne yake da ma'ana, ga sauran mutane mafi yawan likitocin fannin ba su yarda da shi ba.

Hatsari, ba ɓoye-ɓoye

Wanda munka fi gani shi ne ruwa ya riƙa yoyo ta ɗinki ko ya taru ƙarƙashin fata ƙeya ta kumbura kamar lemu. Ƙarami yakan baje da kanshi, mai yoyo waje kuwa dole a dawo da gaggawa don ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga su zama sanƙarau. Akwai zazzaɓi da ciwon kai da taurin wuya da faci kan jawo ko ba ƙwayar cuta. Akwai zubar jini, akwai taruwar ruwa a kai bayan aiki, sannan tunda kusa da cibiyar numfashi ake aiki akwai hatsarin shanyewa ko rasa rai, kaɗan ne ƙwarai a hannun wanda ya saba amma ba zan ce maka babu ba. Aikin kan ɗauki awa biyu zuwa uku, kwana kamar uku zuwa mako a asibiti in komai ya tafi daidai, ciwon wuya na makonni wanda kusan kowa ke kuka da shi, kuma sai ta yi kamar mako shida ba ɗaukar nauyi ba goyo. Ka fara neman wadda za ta zo ta riƙe gida tun yanzu.

Za ta koma daidai? Ciwon kai na tari shi ya fi saurin tafiya, mafi yawansu suna samun sauƙi sosai, wasu tun suna gado. Hannun kuwa burinmu na farko a tsayar da lalacewar. Ƙarfi kan ɗan dawo da fisiyo, wato motsa jiki na asibiti, jin zafi da sanyi wani ya dawo rabi wani bai dawo ba, naman da ya riga ya rame da raɗaɗin nan mai kamar wuta su sunka fi taurin kai. Na tuna wata mata da anka kawo bayan shekaru ana yawo da ita gidajen magani, yatsunta sun riga sun lanƙwashe, aiki ya yi kyau hoto ya yi kyau aljihun ya sace, amma hannun bai miƙe ba, mijin ya riƙa ganin kamar ba a yi komai ba alhali an ceci ƙafafunta ne. Shi ya sa nike son ku shiga da sanin abin da ake nema. Maganar haihuwa kuma, ba ya hana ta, amma gara a jinkirta ciki har a gama a sake hoto, kuma duk cikin da ta samu nan gaba masu awo su sani tun farko don a tsara naƙuda da irin allurar da za a yi mata.

Tunda wasu za su karanta su ɗauka iri ɗaya ne, na jarirai daban yake. Yaron da anka haifa da buɗaɗɗen baya har laka ta fito kusan kullum yana da Kiyari nau'i na biyu, galibi da ruwa a kai, shi rufe bayan ake fara yi cikin kwanakin farko sannan a kula da ruwan. Akwai kuma masu fitowa da jaka a ƙeya, muna ganin su ba kaɗan ba a yankinmu. Waɗannan ƙwayar folik asid na rage su sosai amma sai an fara sha kafin a ɗauki ciki, don wurin yana rufewa cikin kwana 28 na farko lokacin da mace ba ta ma san tana da ciki ba.

Game da inda za a yi, ba sai kun sayar da gona kun nufi Indiya ko Masar ba don buɗe ƙeya na yau da kullum. Asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato na da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da ta daɗe tana karɓar mutanen Kabi da Zamfara har da Nijar, akwai Shika a Zariya, akwai Aminu Kano, akwai Abuja. Kusanci ma na da amfani, in ɗinki ya fara yoyo ranar goma daga Jega ka bi ta Tambuwal ka isa ga wanda ya yi aikin a ranar, wanda ya yi a waje kuwa sai ya dawo yana neman wanda zai karɓi aikin da ba shi ya yi ba.

In za ku koma, ka tafi da faifan hoton ba takardar sakamako kaɗai ba, ka tambaya ko an ɗauki lakar har ƙasa don a ga iyakar aljihun, ko akwai ruwa a kai, ko mahaɗar wuya lafiya, da faci ko ba faci. Ka ɗauki baban ta ko kawunta da ake jin maganarshi ya shiga ya ga hoton da idonshi, ita ma a bar ta ta yi tambaya da bakinta don jikinta ne kuma ita za ta sa hannu. In kafin ranar ta fara ƙwarewa in tana shan ruwa, ko murya ta dishe, ko numfashi na tsayawa cikin barci, ko ƙafa ta fara ja, kar ku jira ranar kilinik. Kafin nan ruwan wanka ta riƙa gwada shi da hannun hagu, sauke tukunya kuma a bar ma wani.